Masanin halayya da ɗan sandan bincike: shin irin wannan labari zai zauna a Kano?

Mai tambaya, daga Gwammaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan uwa, ina da tambaya a kan wasu littattafan binciken kisan kai da na daɗe ina bi, kuma ina roƙon masu sani su ba ni ɗan lokacinsu.

Kimanin shekara goma da suka wuce na tsinci guda ɗaya a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari, bangonsa ya yage, takardunsa sun yi ja, amma da na fara ban iya ajiye shi ba sai da na ga ƙarshensa. Marubucin Ba'amurke ne mai suna Jonathan Kellerman, wanda ya yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, ya kuma yi aiki da yara marasa lafiya a asibitin yara na Los Angeles kafin ya duƙufa ga rubutu. Littafin farko na wannan jeri ya fito a 1985, ya ci kyautar Edgar, wadda ake ba littattafan binciken laifi a Amurka, a ɓangaren sabon marubuci, kuma tun daga lokacin kusan kowace shekara sai an ga sabo, har yanzu sun kai kimanin arba'in.

Mutum biyu ne ginshiƙin labarin. Akwai Alex Delaware, masanin halayyar yara, wanda shi ne ke ba da labarin da bakinsa, sai kuma amininsa Milo Sturgis, ƙaton ɗan sandan binciken kisa, wanda duk lokacin da bincike ya cije masa sai ya buga wa Alex waya ko ya faɗo gidansa. A littafin farko an kashe wani likitan ƙwaƙwalwa tare da wata mata a gidansa, kuma wadda ake jin ta ga wani abu a daren yarinya ce 'yar shekara bakwai, shi ya sa ɗan sandan ya nemi wanda ya san yadda ake magana da yaro mai firgici. Daga nan abotar aikinsu ta ɗore.

Abin da nake son sani shi ne, a zahirin rayuwa, masanin halayya yana taimaka wa 'yan sanda kamar haka, ko kuwa ƙawata labari ne kawai? Ina kuma mamakin abin da ya riƙe masu karatu shekara arba'in a kan mutum biyu ba su gaji ba. Dalilin tambayar shi ne na fara rubuta labari irin wannan da Hausa, wanda zai faru a nan cikin Kano, tsakanin Fagge da Kurna da cikin Birni. Da na nuna wa wani abokina babin farko sai ya ce babu mai karatun da zai yarda, domin a cewarsa ɗan sandanmu ba ya neman shawarar kowa, kuma mutanenmu ba su san wani masanin halayya ba sai malamin ruƙiyya. Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ban yarda cewa ita ce gaskiyar duka ba.

Malama mai koyar da ilimin halayya, daga Kabuga

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, na karanta shida ko bakwai daga cikin waɗannan littattafai, kuma zan amsa maka ɓangaren da ya shafi fannina.

Da farko ya kamata a bambance mutum biyu da ake yawan haɗawa. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a cututtukan hankali, shi ne ke rubuta magani, kuma irinsa za ka samu a asibitin Dawanau ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Masanin halayya kuwa bai bi ta makarantar likitanci ba, aikinsa gwaje-gwajen tunani ne da sauraro da jinya ta hanyar magana. Delaware na biyun ne. Idan ka haɗa su a labarinka, duk ma'aikacin lafiyar da ya karanta zai gane nan take.

Amsar tambayarka ita ce ana yi, amma ba yadda mutane ke zato ba. Abin da aka fi sani shi ne a kawo masani ya dubi yadda aka aikata laifi, ya siffanta irin mutumin da zai iya aikata shi. Labarin da ya ɗaukaka wannan hanya shi ne na wani mai dasa bama-bamai a New York daga 1940 zuwa 1956. 'Yan sanda sun je wajen wani likitan ƙwaƙwalwa, James Brussel, ya siffanta musu mutumin har da irin kwat ɗin da yake jin zai saka, kuma da aka kama George Metesky a watan Janairun 1957 sai ga shi ya fito da irin kwat ɗin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ba wannan siffantawa ce ta kai ga kama shi ba. Wata ma'aikaciyar kamfanin wutar lantarkin da ya taɓa yi wa aiki ce ta tono fayil ɗinsa a cikin tsofaffin takardu, ta ga kalamansa na ƙorafi sun yi daidai da na wasiƙun da mai bam ɗin ke aika wa jarida. Hukumar FBI ta kafa sashen nazarin halayya a 1972, daga nan fina-finai suka ɗauki abin suka kai shi inda bai kai ba.

Akwai kuma misalin da nake ba ɗalibaina kowace shekara saboda nauyinsa. A 1992 an kashe wata matashiya a wani fili a unguwar Wimbledon ta Landan, a gaban ɗanta ɗan shekara biyu. Wani masanin halayya ya siffanta mai laifin, 'yan sanda suka ga siffar ta dace da wani mutum da ke yawo da karensa a filin, suka sa wata 'yar sanda ta ɓad da kama tana rubuta masa wasiƙu na tsawon watanni don ta ja shi ya amsa. Bai amsa ba, amma aka tsare shi wata 13 kafin alƙali ya yi watsi da ƙarar a 1994. Sai a 2008 gwajin ƙwayoyin halitta ya kai ga hukunta wanda ya yi kisan, kuma wannan mutumin ya riga ya kashe wata uwa da 'yarta a 1993, lokacin da hankalin masu bincike yake kan wanda bai ji ba bai gani ba. An biya wanda aka zalunta diyyar fam 706,000, amma babu kuɗin da zai mayar masa da shekarun da ya yi ana nuna shi da yatsa.

Mu Hausawa muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a zaman gida da na abota maganar tana da wurinta. A ɗakin bincike kuwa tana da haɗari. Wani babban nazari da aka wallafa a 2006, wanda ya tattara gwaje-gwaje sama da 200, ya nuna cewa mutane suna bambance gaskiya da ƙarya daga kallo da sauraro kashi 54 cikin 100 ne kawai, wato da ƙyar suka ɗara mai canke. A wajenmu abin ya fi tsanani, domin yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya haɗa ido da babba, matar aure ba ta ɗaga kai gaban baƙon namiji, kuma talaka jikinsa yana rawa da zarar ya ga kaki ko da bai taɓa ɗaukar allurar kowa ba. Wanda ya ɗauki sunkuyar da kai a matsayin alamar rashin gaskiya, to zai cika ɗakin tsaro da masu kunya.

Inda fanninmu yake da amfani na haƙiƙa shi ne wajen yin tambaya. A 1974 Elizabeth Loftus da abokin aikinta sun nuna wa mutane hoton bidiyo na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar ragargajewa sun ƙiyasta sama da mil 40 a awa, waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar bugu kawai suka ce mil 34. A gwaji na biyu da aka yi da wasu mutanen, bayan mako guda, 16 cikin 50 na waɗanda aka tambaya da kalmar ragargajewa suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu gilashin da ya fashe a hoton. Kalma ɗaya daga bakin mai tambaya ta shiga cikin abin da shaida yake tunawa, ta zauna, kuma shi shaidan zai iya dafa Alƙur'ani a kai ba tare da ya san ya kauce ba. Ga yaro ƙarami abin ya fi sauƙin faruwa. Saboda haka a ganina abin da Kellerman ya fi dacewa da shi, kuma daga aikinsa na asibiti ya samo shi, shi ne wuraren da Delaware yake zaune da yaro ko da tsohuwa yana saurare, ba ya katse su, ba ya saka musu magana a baki. Wuraren da yake bin masu laifi cikin dare shi kaɗai, waɗannan na sayar da littafi ne. Ko sanya yarinyar nan cikin barcin tunani, wato wani hali mai kama da barci don ta tuno abin da ta gani, da ya yi a littafin farko, yau masana da yawa ba za su amince da shi ba, domin an gano yana ƙara wa mutum tabbaci a kan abin da bai faru ba.

Tsohon Sufeto, daga Hotoro

Salamu alaikum. Ɗana, ban karanta littattafan da kake magana ba, amma na yi shekara 35 a aikin ɗan sanda, fiye da rabinsu a sashen bincike, kuma Malama ta taɓo abin da na daɗe ina son faɗa.

Abokinka ya yi gaskiya ta wani gefe. A duk tsawon aikina ban taɓa ganin an kira masanin halayya ya zo wajen da aka yi kisa ba. Kafin mu isa ma, jama'ar unguwa sun cika gidan, an taka duk abin da za a taka, an wanke jini saboda tausayin iyali, kuma dangi suna tsaye suna roƙon a ba su gawa su yi mata sutura kafin La'asar. Ka ce za a kai asibiti likita ya buɗe ya duba, sai ka ga dattijo yana hawaye yana cewa sun bar wa Allah. Ba na ganin laifinsu, addini ya ce a gaggauta, amma duk marubucin da zai kafa labarin bincike a Kano dole ya san cewa mai bincikensa yana tsere da lokacin jana'iza ne. Abin da muke dogara da shi shi ne mai unguwa, da 'yan sintiri, da mai shayin bakin layi wanda yake ganin shigar kowa da fitarsa, sai kuma a shekarun baya-bayan nan bin diddigin layin waya.

Inda abokinka ya yi kuskure shi ne cewa ba ma neman shawara. Muna nema, sai dai ba mu san sunan abin da muke nema ba. Bari in ba ka abin da ya faru a gabana. An taɓa samun gawar wani ɗan kasuwa a soron gidansa da asuba, kuma wanda ya kwana kusa da wurin wani almajiri ne da bai wuce shekara tara ba. Aka kawo shi ofis, mu huɗu muka kewaye shi, kowa da tambayarsa, kowa da tsawarsa. Muka ce dogo ne mutumin, ya ce e. Wani ya ce ko gajere ne, ya ce e. Muka ambaci sunan wani maƙwabci da aka ce sun yi cacar baki da mamacin a kan iyakar fili, ya ce shi ne. A ranar muka kama maƙwabcin, kuma ya kwana uku a hannunmu.

Akwai wata kofur a ofishin, uwa ce mai 'ya'ya biyar, ta roƙi a bar mata yaron. Ta cire hular aiki, ta shimfiɗa tabarma a bayan ofis, ta saya masa koko da ƙosai, ta yi ta hira da shi a kan garinsu da malaminsa da izu nawa ya kai. Sai da rana ta yi tsaka sannan ta ce ya ba ta labarin daren tun daga sallar Isha'i, yadda ya ga dama, ba ta tambaye shi komai a tsakani ba. A cikin labarin ya ce bai ga fuskar kowa ba saboda duhu, amma ya ji an yi sallama an kira maigidan da wani suna da bai taɓa jin an kira shi da shi ba, kuma maigidan ya buɗe ƙofa da kansa yana dariya. Da muka koma gidan muka bincika, ashe sunan yarinta ne wanda 'yan uwansa na ƙauye kaɗai suka sani. Daga nan hanya ta buɗe har aka kai ga wani ɗan uwansa da ke binsa kuɗin gado. Maƙwabcin nan kuwa na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma bayan wata biyu ya sayar da gidansa ya bar unguwar. Har gobe idan na tuna shi zuciyata ba ta yi mini daɗi, domin da hannuna na rubuta sunansa a littafin tsaro.

To ka ga wannan baiwar Allah ba ta je jami'a ba, amma abin da Malama ta bayyana shi ta yi. Idan za ka rubuta ɗan sandanka, kada ka mai da shi mugu kuma kada ka mai da shi wawa. Ka rubuta shi mutum ne mai fayil ashirin a kan tebur, maigidansa a ofis yana matsa masa, dangin mamaci suna zarya, jarida tana jira, babu man mota. Irin wannan mutum gaggawa ce babbar cutarsa, kuma abokin da yake bukata shi ne wanda zai iya dubansa ya ce, Yallaɓai, dakata, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Mai tambaya, daga Gwammaja

Malama, Baba Sufeto, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Labarin kofur ɗin nan ya sa na koma na duba babin da na rubuta, inda masanina ya kalli mutum sau ɗaya ya ce shi ne, kuma na gane ba zai tsaya ba. Saura abu ɗaya da ke damuna. A labarina wanda ake zargi ya taɓa zuwa wajen masanin neman taimako, ya faɗa masa sirrinsa. Shin ya halatta masanin ya kai wa amininsa ɗan sanda wannan magana, kuma idan ya kai, kotu za ta karɓa? Idan akwai lauya a cikinmu, ina neman haske.

Barista, daga titin Gidan Zoo

Malam, wannan tambaya ita ce mafi kyau a cikin duk waɗanda ka yi, kuma idan ka riƙe ta da kyau ita kaɗai za ta ɗauki littafi guda.

Asali abin da mara lafiya ya faɗa wa mai jinyarsa amana ce, ba a fitar da ita don abota. A jihar Kalifoniya, inda labaran da kake karantawa suke faruwa, kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a 1976, a shari'ar da aka sani da Tarasoff, cewa idan mai jinya ya fahimci mara lafiyarsa yana shirin cutar da wani takamaiman mutum, to wajibi ne ya ɗauki matakin kare wannan mutumin. Ka lura cewa maganar a kan haɗarin da ke tafe ne. Masanin da ya kwashe sirrin jinya ya kai wa ɗan sanda don kawai bincike ya yi sauri ya ci amanar sana'arsa. A nan gida an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a rufa masa asiri. Kotu tana iya kiran masani ta umarce shi ya yi bayani, amma wannan daban ne da raɗa a cikin mota tsakanin aminai.

Ga yadda shari'ar kisa take tafiya a Kano, don labarinka ya hau kan hanya. Ana fara kai rahoto caji ofis na yanki, daga nan a miƙa fayil ga sashen binciken manyan laifuffuka na rundunar jiha a Bompai. Kundin tsarin mulki, a sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Yawanci majistare ne ke ba da umarnin a ajiye shi a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a, sannan a gurfanar da shi a Babbar Kotu. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi tata a 2019, ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko wani da doka ta amince da shi, ta kuma buɗe ƙofar ɗaukar amsa laifi a bidiyo. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 29, ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar tursasawa, sannan akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Lauyan da ya san aikinsa a nan yake rusa ƙara.

Ƙofar da masanin hankali ya fi shigowa kotunanmu ta cikinta ita ce sashe na 51 na kundin dokokin laifuffuka, wato Penal Code, wanda ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa ko sanin cewa laifi ne. Alƙali yakan tura mutum asibiti a duba shi, likita ya rubuto rahoto, a yi masa tambayoyi a kai. Ra'ayin masani shaida ce da kotu za ta auna, ba hukunci ba ne.

Ga wanda ya ce wannan tunani baƙo ne a wajenmu, sai in ce ya koma Suratu Yusuf, inda mai shaida daga dangin matar ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage ko ta baya. Ya kuma tuna hadisin mata biyu da suka yi jayayya a kan jariri a gaban Annabi Sulaimanu, alaihis salam, da ya ce a kawo wuƙa a raba shi, ƙaramar ta ce a bar wa babbar, sai ya hukunta wa ƙaramar domin ya san zuciyar uwa. Na farko karanta alama ne, na biyu sanin halin ɗan Adam ne, kuma malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna matsayin ƙarina, wato alamar da ke nuni ga gaskiyar abu, a wajen alƙali. Tare da haka ƙa'idar ba ta gushe ba, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa.

Hajiya, marubuciya daga Yakasai

Ƙanena, na bi maganganun nan duka, kuma na ga ba a amsa maka tambayarka ta tsakiya ba, wato abin da ya riƙe masu karatu shekara arba'in. Ni na fi shekara ashirin ina rubuta littattafan Hausa, kuma abin da na koya shi ne mai karatu yana manta wanda ya yi kisa kafin wata ya zagayo, amma ba ya manta mutanen da ya saba da su. Wanda ya sayi littafi na talatin ba gawar ce ta kawo shi ba, ya zo ne ya ga Milo ya shigo gidan Alex ya buɗe firij ba tare da neman izini ba, ya ji yadda suke musu, ɗaya yana cewa a ba shi hujjar da zai kai kotu, ɗaya yana cewa a fara fahimtar gidan da abin ya faru. Kowannensu yana da ƙofar da ɗayan ba zai iya shiga ba. Ɗan sanda yana da ikon kamawa da buɗe fayil, masani yana da fuskar da ba ta tsorata mutane. Ba Kellerman kaɗai ya gane haka ba, Val McDermid ta ƙasar Sikotlan ta fara nata jerin a 1995 da masani namiji da 'yar sanda mace, har aka mai da shi wasan talabijin a Ingila.

Shawarata ita ce ka juya nata tsarin, ka mai da masaninka mace. A Kano rabin duk wani sirri yana cikin gida, bayan soro, inda aka rubuta ba a shiga. Sufetonka zai tsaya a kan tabarmar soro da maigida da mai unguwa, a ba shi labarin da maza suka shirya, mai tsabta, wanda babu abin kunya a cikinsa. Ita kuwa za ta yi sallama ta wuce tsakar gida a ranar sadakar uku, ta zauna cikin masu gaisuwa, ta ga wace ce ke kuka da wace ce ke kallon mai kuka, ta ji abin da 'yar aiki ta faɗa a bakin murhu, ta lura da yarinyar da ta daina magana tun daren da abin ya faru, wadda kakarta ta ce iska ce ta shafe ta. Kada ka sa ta raina malamin ruƙiyyar da aka kira, domin mace mai hankali a garin nan ba za ta yi haka ba. Ka sa ta gaishe shi da ladabi, ta bar shi ya gama karatunsa, sannan ta nemi izinin kakar ta zauna da yarinyar.

Ka kiyaye mutuncinsu su biyun. Ta zama matar aure ko dattijuwa, shi kuma ya kira ta Malama ko Dakta, ita ta kira shi Yallaɓai, su haɗu a ofis ko a gidanta gaban maigidanta, kada ka bari labarin ya gangara soyayya, domin da zarar ya gangara jerin ya mutu a littafi na biyu. Ka ba ta aiki na gaskiya, ko koyarwa a jami'a ko duba matasan da maganin tari da ƙwayoyi suka lalata, abin da ya yi ƙamari a garin nan har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, don ya zama akwai dalilin da hanyarsu ta fara haɗuwa.

Babin da abokinka ya ƙi kada ka yaga shi, ka ajiye. Ka sake buɗe labarin da ƙarfe goma na safe, an gama wanka ana jiran likkafani, Sufeto yana soro yana roƙon a ba shi awa biyu, ita kuma tana cire takalmi a ƙofar ɗakin uwargida. Idan ka rubuta shi ka kawo shi nan mu karanta, kuma ina roƙon Baba Sufeto ya duba maka maganganun ofis kafin kowa.